Rigar Sanyina Ta Je Jos, Ni Ina Bakin Kanal

Tun da ruwan kanal ya iso ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, muka yi sallama da hutun rani. Mutanen wasu garuruwa in sun kai amfanin damina rumbu sai su miƙe ƙafa, masu ci-rani su tafi, masu ziyara su yi. Mu kuwa a lokacin ne aiki yake shaƙe mu. Tumatir, albasa, alkama, kowanne da ranar shan ruwansa, kuma ba wanda yake karɓar uzuri. Hutunmu ɗaya ne a shekara, 'yan makonnin nan na bazara da ake rufe ruwa don a yashe kanal, bayan an yanke alkama, kafin hadari ya fara haɗuwa. Duk mai shirin biki, ko yaɓen ɗaki, ko zuwa ganin dangi, can yake tura zancensa. Sai ka ji ana cewa, "Bari dai a rufe ruwa."

A wata shekara cikin shekarun tamanin, lokacin da kowa ya rungumi noman alkama, Baba ya ce in an rufe ruwa zai yi tafiya. Ba fatauci ba, ba gaisuwar mutuwa ba, tafiyar buɗe ido kawai. Mutumin da iyakarsa Zariya, ita ma ɗaurin aure ne ya kai shi. Mun san abin da ya zaburar da shi. Maƙwabcinmu na gona, wanda yake sama da mu a layin ruwa, sai ya ƙoshi kafin a sako mana, shi ne ya bi motar tumatir zuwa Ikko, ya dawo ya hana kowa sakat a ƙofar masallaci da labarin teku. Baba ya daɗe yana haƙuri da ragowar ruwan mutumin nan, amma ya kasa haƙuri da ragowar labarinsa. Kishi gado ne a gidanmu, nawa ne dai ya fi fitowa fili.

"Da mutum ɗaya zan tafi," in ji Baba. "Ba za a bar gida ba namiji ba."

Mu biyu ne maza, ni da ƙanena da yake bi na. Ni ne ɗan fari, ina neman shekara ashirin a lokacin. Baba mutumin da ne, mai tsananin kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina wannan?" In na shigo yana dariya, sai ya gyara fuska kamar baƙo ya yi sallama. Ƙanena kuwa shi ne mai cin ragowar kwanon Baba, shi ne mai jan shi da wasa har hularsa ta karkace. Duk da haka ban yi shakkar wanda za a tafi da shi ba. Ni ne nake riƙe da gona, ni ne na san hanyar birni, ni ne nake iya magana da direbobi. In ana saka wa mutum da alheri a duniya, to lokacina ya zo.

Ƙanen nan nawa ko tayar da bututu bai iya ba. A wajenmu ba a fasa bakin kanal, da lanƙwasasshen bututun roba ake ɗauko ruwa a tsallako da shi cikin fangali. Za ka nutsar da shi ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka jawo shi da sauri ka kwantar a gefen gona, sannan ka saki. In ka yi daidai sai ruwa ya riƙa zuwa da kansa har fangali ya ƙoshi. In iska ta shiga, sai ya yi tari ya mutu. Yaran da ba su gama canza haƙori ba suna yi. Shi kuwa duk sanda ya kama, sai bututu ya yi tari, ya jiƙa masa wando, ya tsaya yana kallona da fuskar tausayi. Ni kuma sai in fizge in ce, "Kawo nan, malalaci." Sai ya koma inuwa ya kama korar tsuntsaye daga zaune. Ina jin daɗin faɗin "kawo nan" ɗin nan ƙwarai, musamman in Baba yana kusa.

Baba bai faɗi inda za shi ba, don shi ma bai sani ba. Sai na ɗauki aikin a kaina. Duk ranar da na kai kwandunan tumatir kasuwar bakin titin Zariya, ba na dawowa sai na tsugunna wajen mai shayi, inda direbobi da yaran mota suke jiran lodi. Su ne suka san ƙasa. In tambaya, su yi ta zuba, rabi gaskiya rabi ƙari, ni kuma ina tacewa. In an yi la'asar muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai in baje wa Baba abin da na samo, gari bayan gari, kamar ɗan koli.

Na fara da Ikko, don a cire ta daga hanya. Kallon teku kyauta ne, haka kallon dogayen benaye da gadar da take tafiya a kan ruwa. Amma direbobi sun ce zafin can ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, riga tana manne wa mutum ko a inuwa. Masauki kuma sai mai ƙarfi, in ba a ƙarƙashin mota za ka kwana ba.

Baba ya ce, "Bar ta ma. In je in dawo wancan ya ce ban tsaya a inda ya tsaya ba?"

Sai Yankari. Akwai giwaye da ɓauna, da wani ruwa mai ɗumi da yake fitowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yatsun ƙafarka. Matsalar ita ce ba a shiga dajin da ƙafa, sai an yi hayar mota, ɗakunan kwana kuma na manyan ma'aikata ne. Zafi kuwa ba su fi mu sauƙi ba.

Baba ya ce, "Wato in bar zafi in tafi zafi, ruwan ma sai an ɗumama mini. Ni da nake wuni cikin ruwa, shi zan biya in kalla?"

Inna tana jin mu daga zaure. Ta ɗago murya ta ce, "Malam, ga madatsar Tiga nan kusa. Ku je ku ga uwar ruwan naku, ku dawo ku ci tuwo a gida."

Baba ya ce duk inda za ka je ka dawo ka tarar da tuwo da zafinsa ba tafiya ba ce.

Jos na ajiye a ƙarshe, don ita nake so. Wani direba ɗan Garun Malam, mai kai albasa can ya dawo da dankalin turawa, shi ya sa mini ita a rai. Ya ce daga an wuce dajin Falgore an bar Saminaka, sai mota ta fara hawa, kunnuwanka su toshe, iska ta sauya kamar an buɗe randa. Ya ce duwatsu ne a ɗore kan juna, ƙato a kan ƙarami, ka rantse tura ɗaya za ka yi su zubo, amma tun zamanin kakanni suna nan. Akwai ruwan da yake faɗowa daga kan dutse, akwai tafkunan da masu haƙar kuza suka bari, akwai gidan namun daji da gidan tarihi da kuɗin shigarsu bai kai na kwanon shinkafa ba, ga babbar kasuwa mai hawa-hawa. Mafi daɗi, akwai wani ɗan garinmu mai sayar da kayan gwari a can, ba zai bar Baba ya kwana a waje ba. Direban kuma ya ce in dai ranar lodinsa ce, gaban mota namu ne, ba zai karɓi komai ba.

Na faɗa wa Baba wannan ba sau ɗaya ba. Kullum sai na ƙaro wani abu. Na san ta inda za a sauka, da abin da za a fara gani da safe kafin rana ta ɗaga, da abin da za a bari sai yamma. Na san a wane keji jimina take. Baba yana sauraro, yana jan carbi, ba ya cewa uffan sai "To." Ƙanena kuwa yana kwance a tabarma, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ɓare gyaɗa. In Baba ya ce, "Kai fa, me ka gani?" sai ya ce, "Ko'ina ma daidai ne, Baba." Mutumin da ko'ina daidai ne a wajensa, me zai je yi a ko'ina? Na riƙa jin tausayinsa ma, wai za a bar shi.

Da Baba ya ce Jos ɗin ce, sai na hau motar birni na nufi wajen 'yan gwanjo. Ana tsakiyar zafi, kwalta tana narkewa, ni kuwa ina tambayar rigar sanyi. Mai kayan ya dube ni ya ce, "Samari, zazzaɓi ne ko aljanu?" Sai da ya kwance dilar da ya riga ya ɗaure sai baɗi. Na zaɓo wa Baba ruwan toka mai maɓallai, na zaɓo wa kaina wata shuɗiya mai farin layi a ƙirji. Da na dawo na gwada ta a ɗaki, gumi yana tsiyaya, na ga duk ƙauyenmu ba wanda ya kai ni. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin matashi.

Abin da ban sa a shirina ba shi ne alkama. A shekarar, saboda kowa ya yi ca a kanta, tarakta ta yi wuya, mu na ƙarshen layi ba mu yi shuka ba sai a makare. Lokacin da ya kamata a ce an yanke an rufe ruwa, tamu ta fid da kai ke nan, idonta bai gama cika ba. Manoma suka roƙa, aka ɗaga rufe ruwan. Kowa ya yi murna. Ni kaɗai ban yi ba, don ga azumi yana ƙaratowa, Baba ba zai yi tafiyar yawo da azumi a baki ba, bayan salla kuma sai sharar gonar damina. Direban albasa ma saura lodi ɗaya ya rage masa. Ko dai a tafi yanzu alkama tana neman ruwa, ko a fasa. Baba kuwa ya riga ya faɗa a ƙofar masallaci, a gaban mutumin Ikko.

Da hantsi ne, muna bakin kanal, ina jera bututu. Baba ya tsaya a bayana yana kallon alkama, ba ni ba.

Ya ce, "Kai za ka tsaya."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Na'am, Baba?"

"Alkamar nan in ta rasa ruwa yanzu, ƙaiƙayi za mu kwasa. Wancan na sama kuma in ya ga ba babba, tare ruwan zai yi. Ƙanenka ko bututu ba ya iya tayarwa. Wa zan bar wa?"

Ba a musu da Baba, balle ni. Na ce, "To." Amma bututun da yake hannuna sai da ya yi tari, karo na farko tun ina yaro. Ƙanena yana can inuwa, ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da tsinke.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ni na nemo garin, ni na nemo motar, ni na nemo masaukin, ni na sayo rigunan. Wai iyawata ce ta ɗaure ni, shi kuma rashin iyawarsa ta sake shi. Da la'asar na ƙi fita gindin darbejiya. Inna ta leƙo ɗakin, ita ma ba ta kiran sunana, ta ce, "Kai, mutum ba ya fushi da yabo. Ai don ya yarda da kai ne." Na ce mata a ba ni Jos, a ba shi yabon.

Kashegari na ja shi gona tun sanyin safiya. Na yanke shawarar ko da duka ne sai ya iya bututu kafin motar albasa ta tashi. In ya iya, hujjar Baba ta faɗi.

"Nutsar da shi duka. Duka na ce! To, toshe. Matse hannunka, ba gaisawa kuke ba. Ja!"

Bututu ya yi tari.

"Sake."

Ya sake, ya yi tari. Na kama hannunsa da nawa muka yi tare, ruwa ya zo. Na sake shi ya yi shi kaɗai, ruwa ya tsaya. Ya dube ni da idanun nan nasa na maraya ya ce, "Yaya, wallahi ina ƙoƙari. Hannuna ne ba ya rufewa." Na kama tafin na duba, lafiyayye ne, har ya fi nawa faɗi. Muka yi ta yi har rana ta take, muryata ta dishe, maƙwabcinmu na sama ya zo ya jingina da fartanya yana kallo kamar an kawo masa wasa. Ya ce, "Ɗan Malam, haƙura. Wani an halicce shi don ruwa, wani don mota." Da ba sa'an Baba ba ne, da ranar ya sha ruwan kanal.

Wulaƙancin da ya fi ci mini rai shi ne na ranar jajiberin tafiya. Baba ya ce in zauna in karanta wa ƙanena duk abin da na shirya, kada su ɓata. Na zauna ina ba shi dukiyata da bakina, ga inda za ku sauka, ga wanda za ku tambaya, ku fara da gidan namun daji da safe kafin dabbobi su shige inuwa. Yana hamma. Da na gama sai ya ce, "Yaya, rigar nan taka fa? Tunda a nan ba sanyi." Na so in ce na ƙona ta. Inna tana tsaye. Na shiga na zaro ta daga ƙarƙashin matashi na jefa masa. Ya sa, ta zauna masa cif, har ta fi yi masa kyau, don ya fi ni kafaɗa.

Na raka su bakin titi ɗauke da jakar Baba. Suka hau gaba kusa da direba, warin albasa ya cika wurin. Baba ya leƙo ta taga, na zaci zai ce wani abu. Ya ce, "Fangalin ƙasa yana da gangara, kada ka cika masa." Ƙanena ya ɗago mini hannu. Tun ba su bar Kura ba ya riga ya sa shuɗiyar rigata, yana gumi yana murmushi.

Kwanakin da suka yi ba su da yawa, amma ni sun yi mini tsawo. Zafi ya yi zafi, irin wanda ko balbela sai ta buɗe baki. Ina tsaye cikin taɓo har ƙwauri, ina bin su a raina. Yanzu sun wuce Falgore. Yanzu kunnensa ya toshe, bai ma san dalili ba, don lokacin da na yi bayani yana hamma. Yanzu suna gaban duwatsun, zai kalla ya ce "Ko'ina ma daidai ne." Duk motar da ta wuce a titi sai na ji haushin mutanen cikinta. Na yi faɗa da maƙwabcinmu a kan ruwa kamar yadda Baba ya hango, na kuma yi nasara, don faɗan nake nema. Alkama ta sha ta ƙoshi, ta yi nauyi ta sunkuya. Ita ma na ji haushinta.

Suka dawo da buhun dankali da karas da wani hoto. Na ƙudura ba zan tambayi komai ba, amma ban kai magariba ba na kasa.

"Yaya duwatsun?"

"Akwai su."

"Sanyin fa?"

"Da safe ne kawai. Da rana sai ka cire riga."

Haka yake ba da labari, kamar mai biyan haraji. An kai makaho kallo, na ce a raina. Amma da muka zauna cin abinci, sai ya tuntsire da dariya shi kaɗai, ya ce wai a gidan namun daji jimina ta miƙo wuya ta saman waya ta cafke hular Baba. Baba ya yi ihu ya zura da gudu, babbar riga tana tashi, takalmi ɗaya ya fita. Da aka karɓo hular, sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Ya ce a wajen duwatsun kuma Baba ya sa kafaɗa ya tura wani ƙato, wai ya gani ko zai motsa. A kasuwa ya hau bene ya sauko, ya sake hawa, don daɗi. Da asuba sanyi ya kama su, suka ƙudundune cikin bargo ɗaya, Baba yana ba shi labarin yadda ya fara ganin Inna a bakin rijiya.

Na ajiye cokali. Ni ban taɓa ganin Baba yana gudu ba. Ban san yana da labarin bakin rijiya ba. Duk abin da na tsara sun gani, amma wannan ba ya cikin tsarina, kuma ba direban da zai iya kai ni wajensa. A nan kishin ya sauya mini. Da can Jos nake ƙyashi, yanzu kuwa wannan Baban da ƙanena ya gani nake ƙyashi, wanda aka bar shi a can, aka dawo mana da mai gyara fuska in na shigo.

Saura ban ruwa ɗaya a yanke alkama. Ranar na tafi da ƙanena don ya kori tsuntsaye. Na jera bututu a bakin kanal ban tayar ba, sai na tuna na bar fartanya a gida, na ce ya jira ni. Na yi nisa kaɗan sai na haɗu da wani ya ara mini tasa, na juyo ta bayan gonar rake. Tun daga nesa na ji ƙarar ruwa yana zuba. Na tsaya a bayan raken. Ga ƙanena a bakin kanal, yana bin bututun ɗaya bayan ɗaya, ya nutsar, ya toshe, ya ja, ya saki, ko kallonsu ba ya yi, yana ta yin fito da baki. Ko ɗaya bai yi tari ba. Na ƙarshen ma da hannun hagu ya tayar da shi.

Na fito. Ya gan ni, fiton ya tsaya.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Rana ce ta yi, na ga in na jira ka za mu daɗe."

"Tun yaushe ka iya, na ce!"

"Da daɗewa, Yaya. Ai kai ne kullum kake cewa kawo nan. Ni kuma sai in kawo."

Na ce bari Baba ya ji, yau zai san irin macucin da ya ɗauka ya kai Jos. Sai ƙanena ya dube ni, ba da idon maraya ba wannan karon, ya yi ƙasa da murya.

"Ai Baba ne ya koya mini."

Ruwa yana ta shiga fangali. Na zauna a bakin kanal. Na ce, "To don me?"

Ya ce, "A mota na tambaye shi. Ya ce kai ka riga ka gama ganin Jos tun a gindin darbejiya, duk abin da ya kalla za ka riga shi faɗin sunansa. Ya ce shi ƙauyanci yake so ya je ya yi, ya saki baki ya yi kallo, kuma ba zai iya yi a gabanka ba. Yana jin nauyinka, Yaya."

Ya matso zai gyara wani bututu da ya karkace, bakina ya buɗe zai ce "kawo nan," na haɗiye. Ranar shi ya yi ban ruwan duka, ni na zauna a inuwa, ban kori ko tsuntsu ɗaya ba.

Ban taɓa tayar wa Baba da maganar ba, ba a yin haka. Shi ma bai sake tafiya ba har Allah ya karɓi abinsa. Na je Jos daga baya, ba sau ɗaya ba, da kuɗina, na ga duwatsun, na ga jimina, na ji sanyin asuba. Komai yana nan kamar yadda na faɗa a gindin darbejiya, ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ba abin da ya ba ni mamaki.

Hoton nan da suka dawo da shi yana ɗakina yanzu, da rabon kayan Baba na ce shi nake so. An ɗauke shi da tsakar rana a ƙofar gidan namun daji, su biyu cikin rigunan sanyi suna ƙyallin gumi. Hular Baba a karkace, bakinsa a buɗe da dariya, hannunsa a kafaɗar mai shuɗiyar riga. Muna kama da ƙanena sosai a wancan lokacin. In 'ya'yana ko baƙi suka tsaya a gabansa suka ce, "Kai ne nan da Baba?" sai in ce musu rigata ce, in yi shiru.